Me ya sa tsohuwar Marsandi da ba ta taɓa shiga tsere ba ta fi kowace mota tsada a duniya?

Tun da labarin ya fita a watan Mayun 2022, duk bayan 'yan watanni sai hoton ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp: wata Marsandi ruwan azurfa mai dogon hanci, ƙofofinta a ɗage sama kamar shaho zai tashi, a ƙasa an rubuta cewa an sayar da ita Yuro miliyan 135. Kuma duk sanda ya zagayo, tambayar mutane ba ta canzawa. Motar da aka ƙera a 1955, mai kujeru biyu kacal, babu iyakwandishan, me ke cikinta da za a zuba mata wannan uban kuɗi? Wasu su ce ƙaryar 'yan intanet ce, wasu su ce ai hanyar ɓoye kuɗin sata ce.

Cinikin dai ya auku. Ranar 5 ga Mayu, 2022, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya tara wasu zaɓaɓɓun attajirai a gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Stuttgart a Jamus, aka yi tayi a asirce, wani dillali ɗan Ingila mai suna Simon Kidston ya taya a madadin wanda ba a bayyana sunansa ba, aka sallama masa. Kuɗin ya haura Dala miliyan 140. Kafin nan, mafi tsadar motar da aka taɓa sayarwa a gwanjon fili ita ce Ferrari 250 GTO da ta tashi Dala miliyan 48.4 a 2018. Kalmar gwanjo a wurinmu ta fi tafiya da araha, amma a can inda masu kuɗi ke kece raini ke nan.

Na nuna wa wani dattijon bakanike da nake kai wa mota hoton a waya. Ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ai na san ta. Ba ita ce mai ƙofar fiffike da ake sawa a kalanda ba?" Ya kusa, amma bai canka ba, kuma kuskurensa shi ne na kusan kowa.

Motoci uku masu suna kusan ɗaya

Akwai 300 SL ta tsere ta 1952, wadda a cikin kamfani ake kira W194. Akwai 300 SL ta sayarwa da ta fito a 1954, lambarta W198, ita ce ta kalandar. Sannan akwai 300 SLR ta 1955. Lambar 300 tana nufin inji mai lita uku. SL a Jamusanci na nuni da rashin nauyi, R kuma na nufin tsere.

Ta kalandar an ƙera guda 1,400 tsakanin 1954 da 1957, kuma a yau mai kyau kan tashi Dala miliyan ɗaya zuwa biyu. Ita kuwa wadda aka saya Yuro miliyan 135, sunanta 300 SLR Uhlenhaut Coupé, biyu ne kawai a duniya. Kamanni ne ya haɗa su da ƙofa, amma ƙarƙashin bodi ba ɗaki ɗaya suka fito ba. Sai dai ba za a fahimci ta ukun ba sai an bi ta kan biyun farko, don mutum ɗaya ne ya haifi dukkansu.

Rashi ne ya haifi ƙofar fiffike

Rudolf Uhlenhaut an haife shi a Landan a 1906, uba Bajamushe ma'aikacin banki, uwa Baturiyar Ingila. Ya shiga Daimler-Benz, kamfanin da ke ƙera Marsandi, a 1931, a 1936 aka damƙa masa sashen ƙera motocin tsere. Abin da ya bambanta shi da sauran injiniyoyi shi ne ba ya jiran direba ya dawo ya ba shi labari. Shi da kansa yake hawa motar tsere ya zaga fili, kuma gudunsa kan yi kusa da na ƙwararrun direbobin kamfanin. In aka ce masa mota na da matsala a kwana, sai ya je kwanar ya ji da jikinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar masana'antun Daimler-Benz a rushe. Zuwa 1951 kamfanin ya ɗan farfaɗo, yana so ya dawo fagen tsere don ya tuna wa duniya sunansa. A farkon shekarar suka kwashi tsofaffin motocin tserensu na kafin yaƙi zuwa Ajantina, Ferrari ta ba su kashi. Kuɗin ƙera sabon injin tsere tun daga tushe kuma babu. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: sai aka ce wa Uhlenhaut ya yi amfani da abin da ke gida, wato injin babbar motar alfarma ta 300, irin wadda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer ke hawa. Inji ne mai silinda shida, mai nauyi, dogo, an yi shi don ɗaukar manya cikin natsuwa. Ko da aka matsa masa, ƙarfinsa bai wuce na doki 175 ba, ƙasa da na abokan hamayya.

Tunda ba zai iya ƙara ƙarfi ba, sai ya koma rage nauyi da rage tirjiyar iska. Ya kwantar da injin gefe da digiri 50 don hancin motar ya yi ƙasa. Maimakon shasi irin na gargajiya mai manyan ƙarafa biyu, ya sa aka haɗa siraran bututan ƙarfe masu yawa da walda, kowane uku suna yin siffar alwatika, har suka zama kamar keji. Duk wanda ya taɓa kallon dogon ƙarfen sabis na waya ya ga wannan dabarar. Kejin gaba ɗaya nauyinsa kusan kilo 50 ne, wato buhun siminti ɗaya, amma ba ya murɗewa.

Matsalar ita ce ƙarfin kejin ya dogara da bututan da suka bi ta gefe, daidai inda ƙofar mota ta saba zama. In ka yanke su don ka sa ƙofa, ka kashe shasin. To ta ina direba zai shiga? Sai aka liƙa ƙofar a rufi, tana buɗewa sama. A motocin farko ma ba ta wuce girman taga ba, daga baya aka ƙara mata tsawo zuwa ƙasa. Ƙofar da a yau ake ɗauka a matsayin ƙarshen kwalliya, asalinta dabarar fita kunya ce.

Kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu. A 1952 motar ta zo ta biyu a tseren Mille Miglia na Italiya, ta lashe na Bern a Suwizalan, ta ɗauki na ɗaya da na biyu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Amma wanda aka fi tunawa shi ne Carrera Panamericana na Meksiko, tseren kwana biyar a kan titin mutane na sama da kilomita 3,000. Karl Kling na tuƙi, Hans Klenk na gefensa yana karanta masa hanya, suna cikin gudun kusan kilomita 200 a awa sai ungulu ta faso gilashin gaba ta daki Klenk a fuska. Jini ya wanke shi. Da ya dawo hayyacinsa ya ce a ci gaba. Aka sa sabon gilashi, aka girka sandunan ƙarfe takwas a gabansa kamar tagar kurkuku, kuma su suka ci tseren.

Dillalin New York da ya tilasta a kai ta kasuwa

Kamfanin bai yi niyyar sayar da ita ba. Max Hoffman, ɗan asalin Austriya da ke shigo da motocin Turai Amurka, shi ya matsa. Ya san attajiran Amurka na bayan yaƙi suna da kuɗi kuma suna neman abin nunawa, ya kuma yi alƙawarin ɗaukar adadi mai yawa. A Fabrairun 1954 aka baje 300 SL ta sayarwa a New York, ba a Jamus ba, kuma kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka ƙera can suka tafi. A gida kuɗinta Mak 29,000 ne na kuɗin Jamus, abin da zai sayi Volkswagen Bitil shida ko bakwai a lokacin.

Babban sabon abu a cikinta yana cikin inji. Aka cire kafireta, aka sa famfon kamfanin Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, fasahar da Jamusawa suka ƙware a kai tun a injinan jiragen yaƙi. Wasu ƙananan motocin Jamus biyu, Goliath da Gutbrod, sun riga ta gwadawa a ƙananan injina masu bugu biyu, amma ita ce ta farko a motar sayarwa mai inji bugu huɗu. Ƙarfin ya tashi zuwa doki 215, ya wuce na 'yar uwarta ta tsere, gudu kuma har kusan kilomita 250 a awa.

Kada a ɗauka aljanna ce. Shiga sai ka zauna a kan faffaɗan dakalin gefe ka jefa ƙafafu ciki, shi ya sa aka yi sitiyarin yana lanƙwasawa ƙasa don gwiwa ta wuce. Gilashin ƙofa ba ya sauka, cikinta zafi kamar gidan burodi. Famfon kan ci gaba da fesa fetur yayin da inji ke mutuwa, fetur ɗin ya gangara ya tsinka baƙin mai, don haka juyen mai sai kusan kowace kilomita 1,600. Tayoyin baya kuma in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana sai su nemi wuce na gaba. A 1957 aka maye gurbinta da buɗaɗɗiya mai ƙofofi na al'ada, wadda aka ƙera 1,858 zuwa 1963.

SLR: motar Formula 1 da aka sa wa riga

Yanzu kuɗi sun samu, sai kamfanin ya ƙera motar Formula 1 ta gaske, W196. Ta fara fita ranar 4 ga Yuli, 1954 a tseren Reims da ke Faransa, Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya zo na ɗaya, Kling na biyu. A ranar ce kuma Jamus ta Yamma ta doke Hungary 3-2 ta ɗauki Kofin Duniya a Bern, don haka ana iya hasashen yadda Jamusawa suka kwana. Fangio ya zama zakaran duniya a 1954 da 1955.

300 SLR wannan motar ce aka faɗaɗa ta ɗauki mutum biyu. Sunan 300 SL aka ara mata saboda talla, don mai sayen ta kasuwa ya ji kamar danginta yake tuƙawa. Injinta silinda takwas ne a jere, lita uku, ƙarfin doki kusan 300. Bawul ɗinta ba sifirin ke rufe su ba, wani ƙarfe ne ke buɗewa wani ke rufewa, don kada su rikice a tsananin juyi. Birkin ganga ne manya-manya da aka ɗauke daga jikin taya aka kai tsakiyar mota. Bodin kuma na wani haɗin ƙarfe ne mai suna Elektron, mafi yawansa magniziyam, ya fi alminiyam rashin nauyi. A riƙe wannan, zai dawo. Saboda an kwantar da injin, farfela ta bi ta ƙarƙashin direba, sai ya zauna ƙafafu a ware, kiloci can hagu, birki da totur can dama, kamar mai hawan doki.

Ranar 1 ga Mayu, 1955, a tseren Mille Miglia, direba ɗan Ingila Stirling Moss ya tashi da 300 SLR daga garin Brescia da ƙarfe 7:22 na safe, shi ya sa lambar motarsa 722. A gefensa akwai ɗan jarida Denis Jenkinson riƙe da wani ƙaramin akwati mai naɗaɗɗiyar takarda doguwa, wadda suka rubuta kowace kwana da kowane tudu a kai lokacin atisaye. Ƙarar inji ba ta barin magana, sai Jenkinson ya riƙa murza takardar yana yi wa Moss ishara da hannu. Suka je Rum suka dawo Brescia, kusan kilomita 1,600 a titunan garuruwa da tsaunuka, cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Matsakaicin gudu ya haura kilomita 157 a awa. Fangio, wanda ya yi tafiyar shi kaɗai, ya iso na biyu da ratar kusan rabin awa. Ba a taɓa karya wannan lokacin ba har aka daina tseren a 1957.

Ranar da ta yanke wa motar zuriya

Sai 11 ga Yuni, 1955 a Le Mans. Mike Hawthorn a Jaguar ya taka birki zai shiga wurin shan mai, Lance Macklin da ke bayansa a Austin-Healey ya kauce hagu, Pierre Levegh a 300 SLR ya taho a guje ya hau bayan motar Macklin ya tashi sama. Motar ta tarwatse, inji da murfin gaba da ƙarafan taya suka share cikin 'yan kallo. Levegh ya mutu, tare da mutum sama da 80. Bodin magniziyam ya kama da wuta, masu kashe gobara suka zuba ruwa, wutar ta ƙara tashi, don magniziyam in ya kama ruwa ƙara masa ƙarfi yake. Har yau babu hatsarin tseren mota da ya kai shi muni.

Cikin dare umarni ya zo daga Stuttgart, Marsandi ta janye motocinta alhali Fangio da Moss ne ke kan gaba. Suwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta. Kamfanin ya ƙarasa kakar, ya ci tseren Tourist Trophy da na Targa Florio, ya ɗauki kambun duniya na motocin wasanni, sannan ya rufe sashen tsere. Masu cewa hatsarin ne kaɗai dalili sun taƙaita labarin, don tun kafin nan shugabanni sun karkata ga mayar da injiniyoyinsu kan motocin sayarwa. Amma hatsarin ne ya rufe ƙofar mahawara, kuma sai a ƙarshen shekarun 1980 Marsandi ta koma wannan fagen tare da kamfanin tsere na Sauber.

A tsakiyar wannan ne Uhlenhaut ya riga ya ware shasi biyu cikin tara na SLR ya yi musu rufi da ƙofar fiffike, da nufin dogayen tsere irin na Meksiko, inda iska da ƙura ke gajiyar da direba. Meksiko ta soke tserenta na 1955, kamfanin kuma ya janye. Motocin biyu suka rasa filin da aka haife su dominsa. Ɗaya cikinta ja ne, ɗaya shuɗi, kuma da waɗannan launuka ake kiran su a kamfanin.

Motar zuwa aiki

Sai Uhlenhaut ya mayar da ɗaya motar hawansa. Aka liƙa mata wata ƙatuwar salansa a gefe don a rage ƙara, duk da haka ana jin tahowarsa tun daga nesa, kuma a tsufansa sai da ya koma sa na'urar ji. Mujallar Automobil Revue ta Suwizalan ta gwada motar a 1956 ta auna gudun kilomita 290 a awa, lokacin da motar talaka da ƙyar take wuce 110. Ana ba da labarin wata rana da ya makara zuwa taro ya taso daga Munich ya iso Stuttgart, sama da kilomita 200, cikin kusan awa ɗaya. Ko an ƙara gishiri ko ba a ƙara ba, labarin yana cikin abin da aka saya. Shi kansa ya rasu a 1989.

To daga ina farashin ya fito?

Ba gudu aka biya ba, don akwai Marsandin yau da za ta bar ta a baya a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na nata ba. Abin da ya haɗu mata shi ne ƙaranci irin wanda ba a iya ƙirƙira. Ferrari 250 GTO da ake ta kururutawa an ƙera 36, kuma suna ta sauya hannu. SLR kuwa babu ko ɗaya da ta taɓa zuwa kasuwa, kuma wannan ba ta taɓa barin hannun kamfanin da ya ƙera ta ba cikin shekara 67. Babu shakku kan asalinta, babu tsohon hatsari da aka ɓoye. Duk attajirin da ke ɗakin ya san in ta wuce shi yau, ba zai sake ganin dama ba a rayuwarsa. A irin wannan matsayi ba da motoci ake auna ta ba, da zanen manyan masu zane ake auna ta.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Masu kishin tarihin mota sun ce gado ne na Jamus, bai kamata ya koma garejin mutum ɗaya ba. Kamfanin ya amsa da cewa mai shuɗin cikin tana nan a gidan tarihinsa, mai sayen ya amince a riƙa nuna tasa a wasu lokuta, kuɗin kuma an kafa asusun tallafin karatu da su ga matasa masu aiki kan muhalli da rage hayaƙi. Ni dai abin ya ɗan ba ni dariya, a ce motar da ta fi kowa shan mai a zamaninta ita ke biyan kuɗin yaƙi da hayaƙi. Kuma ban ɗauka sadaka ce zalla ba. A daidai wannan watan ne kamfanin ke shelar cewa zai karkata ga motocin alfarma masu tsada ya rage ƙanana. Wace talla ta fi a ce mota mafi tsada a tarihi taka ce? Masu zargin ɓoye kuɗi kuma suna da hujja a kasuwar kayan tarihi gaba ɗaya, inda ake ɓoye sunan mai saye, amma motar da duniya ta san lambar shasinta ba wurin ɓuya mai kyau ba ce.

Alamar cewa ba tsautsayi ba ne ta zo a Fabrairun 2025, lokacin da aka sayar da W196 ta Formula 1, wadda Fangio da Moss suka tuƙa, a kan Yuro miliyan 51 a gidan tarihin nan dai.

Mai tsohuwar Marsandi a ƙofar gida fa?

Wannan ce tambayar da ke ɓoye a bayan yawancin sharhin da ake yi a ƙarƙashin hoton. Amsar ba ta da daɗi. Tsufa kaɗai ba ya sa mota daraja. Marsandi 200 da 230 da suka cika titunanmu a shekarun 1980, irin W123, an ƙera su kusan miliyan 2.7. Wadda aka adana da fentinta na asali da takardunta tana da masu nema a Turai, amma wadda aka sauya wa inji, aka yi wa fenti sau uku, kaji suka yi shekara goma suna kwana a cikinta, kuɗin ƙarfenta ne kuɗinta. In wani ya zo da labarin cewa ka kawo kuɗi ya haɗa ka da Baturen da ke sayen tsofaffin Marsandi da miliyoyi, ka riƙe aljihunka.

Abin da ya iso gare mu daga waccan zuriya yana ƙarƙashin murfin inji. Injekta da ta kori kafireta daga garejinmu, da fesa fetur kai tsaye cikin silinda da yawancin sababbin motoci ke yi yanzu, hanyar da 300 SL ta share ce, har da ƙyamar gurɓataccen mai da ta gada.

Da na gama yi wa bakaniken nan bayani, bai ce komai kan miliyoyin ba. Ya sake jawo hoton ya ƙara girmansa daidai hancin motar, ya tambaye ni filogi nawa take ɗauka. Na ce goma sha shida, biyu a kowace silinda. Ya miƙo mini wayar yana girgiza kai, ya ce, "Allah ya ba bakanikenta haƙuri."